Farin Layin Hanyar Dusuman

Shekara ashirin da bakwai Ba'ana ya yi yana ja wa tituna layi. Idan aka tambaye shi sana'arsa a wajen ɗaurin aure ko zaman makoki, sai ya ce shi mai fentin titi ne. Mai tambayar yakan gyaɗa kai kamar ya gane, alhali yawanci ɗauka suke yi gidaje yake shafa wa fenti. Mutane na taka farin layin nan kullum, ba ya zuwa ransu cewa wani ne ya sunkuya cikin rana ya shimfiɗa shi. Ba'ana bai damu ba. Yana zaune a unguwar Fezzan, a gidan da aka haife shi, da matarsa Siddiƙa da 'ya'yansu mata uku. In ya hau keke ya bi ta wani titin da ya taɓa yi wa aiki, yakan leƙa ya duba ko layinsa na nan a miƙe.

Injin aikinsa ƙarami ne, turawa ake yi kamar amalanke. Ana narka fentin a tukunyar ƙarfe har ya yi kauri kamar kunu, a zuba a cikin injin, ya riƙa fita ta wani bakin ƙarfe da ke jan ƙasa. Faɗin bakin nan shi ne faɗin layin. Baki biyu yake da su a akwatin kayansa, babba da ƙarami. Babban yana fitar da layi mai santimita goma sha biyar, kusan taƙi guda ke nan. Ƙaramin santimita goma ne, faɗin tafin hannu. Tsakaninsu bai wuce yatsu uku ba.

Idan an wuce Dusuman kaɗan, akwai wata hanya da ta ratse ta bi ta cikin gonaki zuwa wasu ƙauyuka huɗu. A shekarun tashin hankali an daina binta, ciyawa ta cinye gefenta, kwaltar ta farfashe. Da abubuwa suka lafa mutane suka koma ƙauyukansu, sai aka ba wani kamfani aikin sake ta. Ana dab da faɗuwar damina kamfanin ya gama zuba kwalta, aka kira Ba'ana ya zo ya ja layi. Ya yi murna, domin hanyar ba baƙuwarsa ba ce. Layinta na farko ma shi ya tura injin, lokacin gashin kansa baƙi ne sitik.

Da safe ya sauke kayansa a ƙarƙashin wata bishiyar maina, wato dalbejiya, ya ɗaura babban baki kamar yadda ya yi wancan karon. Shugaban ma'aikata ya zo ya ce ya cire, ƙaramin za a sa. Ba'ana ya ce hanyar ƙauye ce, ba fitilun titi, ga yawan lanƙwasa, ai babban ya fi dacewa. Mutumin ya ce shi bai san wannan ba, ya je ya tambayi injiniya.

Injiniyar da aka turo ta duba aikin sunanta Margaret, 'yar kudancin Borno ce, doguwa, ba ta da yawan magana. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta buɗe takardar aikin a kan murfin motarta ta nuna masa wurin da yatsa.

"Baba, goma aka rubuta. Kuma goma bai saɓa wa doka ba. Fentin da aka kawo ma daidai da goma aka auno shi."

"Tsohon layin sha biyar ne, Injiniya."

"Na sani. Na faɗa tun ana zana aikin, aka ce ba a buƙata."

Ba'ana ya koma gindin mainar ya kwance babban baki ya mayar akwati. Kwana shida ya yi yana aikin. Ya ja igiya, ya buga alli, ya bi alamar ba karkata ko kaɗan. Ranar da aka gama, layin na ɗaukar ido a kan sabuwar kwalta, har manoman da ke wucewa suna tsayawa su ce masa wushe da aiki, wato sannu da aiki. Shi ma da ya waiwaya ya ga kyansa, sai ya ce a ransa ƙila tsufa ne ya sa yake ƙin sabon abu.

Yayarsa Zaratu tana auren wani direba, Tahir, wanda ya girmi Ba'ana da shekara bakwai. Kakanninsa makiyaya ne, amma shi a gari ya tashi, bai san komai ba sai mota. Yana da wata tsohuwar akori-kura. Kowace safiya yakan ɗauki mata 'yan kasuwa da kwalayen busasshen kifi daga Kasuwar Kifi ta Baga Road, ya kai su ƙauyukan nan huɗu, da yamma ya dawo da su da kuɓewa da yakuwa da duk abin da suka saro. Tun da aka buɗe hanyar ba ya bin wata hanya sai ita.

Wata Juma'a, bayan ruwa ya zauna sosai, suna cin burabusko a zauren Tahir bayan an sauko daga masallaci, sai Tahir ya ajiye cokali ya ce wa Ba'ana wai me ya sami layinsa ne ya rame haka. Ba'ana ya yi dariya, ya ɗauka zolaya ce. Tahir bai yi dariya ba. Ya ce akwai wata kwana bayan kwalbati na biyu, inda hanyar ta ratsa firgi, baƙar lakar nan da ake shuka dawar masakwa a cikinta. In ruwa ya sauka, kwaltar baƙa, lakar baƙa, dukkansu suna sheƙi iri ɗaya. Ba abin da ke raba titi da gona sai farin layin gefe. Ga shanu da taraktoci suna hawowa da laka a ƙafa suna shafe shi. Ya ce na da ko laka ta ci rabi, rabi na nan. Wannan kuwa taku ɗaya ya ishe shi.

"Ba'ana, in mota ta taho ta haske ni, ba na kallon gabana. Ƙasa nake kallo ta hannun dama, in bi layin nan har ta wuce. Shekara da shekaru haka nake yi. Yanzu in na duba, wani lokacin ba na samun sa."

Da Ba'ana zai tafi, Zaratu ta rako shi bakin ƙofa, ta rage murya ta ce masa idon Tahir na hagu ya fara yana, ya hana ta faɗa wa kowa. Ta ce ta yi magana har ta gaji.

Ran Litinin Ba'ana ba shi da aiki, sai ya bi Tahir don ya gani da idonsa. A gidan gaba suka zauna su uku da wata dattijuwa, Turai, wadda ta fi kowa daɗewa tana bin motar. Gwiwarta ba ta barinta hawa baya, don haka kujerar gaba tata ce, kowa ya sani. Mace ce mai fara'a da surutu. Da ta ji shi ne ya ja layin, ta ce ashe yau da manyan gwamnati take tafiya, ta kwance bakin zane ta ba shi soyayyiyar gyaɗa. Duk hanya tana ba shi labarin jikokinta da yadda kifi ya yi wuya bana.

A dawowa hadari ya haɗo tun kafin la'asar. Tahir na sauri, domin akwai shingen jami'an tsaro a bakin gari da ake rufewa da yamma, wanda ya makara sai ya kwana a waje da fasinjojinsa. Ruwa ya tsuge suna tsakiyar hanya, gari ya yi duhu kamar magariba. Waifa ɗaya ce ke share gilashi. Suna dosar kwanar, wata babbar mota ta ɓullo da fitilu a kunne. Ba'ana ya sunkuyar da kai ya nemi layinsa ta gilashi. Idonsa lafiya lau yake, kuma ya san daidai inda ya shimfiɗa shi, amma sai da ya yi ta lalube kafin ya hango wani ɗan fari-fari yana ɓullowa yana nutsewa a cikin laka kamar zare. Ya ji tayar dama ta sauka daga kwalta ta ɗan ja, Tahir ya murɗo sitiyari ta dawo. Matan da ke baya suka yi salati. Turai kuwa ko a jikinta, ta ce kullum sai motar nan ta gaisa da gonar nan.

A haka suka shiga gari.

Washegari ya sa babbar riga ya tafi ofishin su Margaret. Ya jira a benci har azahar kafin ta dawo daga wani aiki. Ta gane shi, ta sa aka kawo masa ruwa. Ya faɗa mata abin da ya gani, bai ƙara ba bai rage ba. Ta ce ba ta musa ko kalma ɗaya ba. Ta ce a hanyar da ba fitila, layi mai faɗi ana hango shi tun daga nesa, yana ba direba lokacin gyara hannu, musamman mai shekaru, musamman cikin ruwa. Amma kamfanin ya miƙa aiki, an karɓa, an sa hannu, ya kwashe kayansa ya tafi wata jiha. Ba wanda ya yi ha'inci da za a ce ya dawo ya gyara. Abin da aka rubuta shi aka yi, kuma an yi shi da kyau.

Ya ce ba duk hanyar yake nufi ba, kwanar kaɗai. In aka ba shi fenti buhu biyu da motar da za ta kai injin, yini ɗaya ya gama, ba sai an ba shi komai ba. Ta ce ita ba ta da ikon fitar da ko gwangwani, amma za ta rubuta. A gabansa ta rubuta, ta karanta masa, ta ba shi kwafi ya kai wani ofishin da ta ce kula da hanyar ya koma hannunsu. A can aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Da ya koma bayan mako guda aka ce ai hanyar ba tasu ba ce tukuna, takardun miƙawa ba su iso ba. Wani magatakarda mai kirki ya karɓi wasiƙar ya buga mata hatimi, ya sa ta a cikin wani fayil, ya ce in an zauna kan ayyukan baɗi za a duba.

Sai Ba'ana ya koma kan Tahir. Ya ce ya ajiye tuƙin yamma har ruwa ya ɗauke, ko ya samu wani ya riƙa dawo da motar. Tahir ya ce wa zai ba motar da ba ta jin hannun kowa sai nasa, kuma matan nan in bai je ba wa zai kwaso su? Da ƙyar, da sa bakin Zaratu, ya yarda suka je asibitin ido. Likita ya duba ya ce yanar ta isa cirewa, aiki ne mai sauƙi, amma masu jira suna da yawa. Aka rubuta masa rana a watan da ake girbin gero. Likitan ya ce kafin nan ya rage tuƙi in gari ya yi duhu. Tahir ya ce to, washegari ya tada motarsa.

Akwai ragowar farin fentin mai da Ba'ana ya shafa wa ƙofar gidansa da sallar bara. Ya san ba na titi ba ne, ya fi kowa sani. Duk da haka ya ɗauke shi da buroshi da tsintsiya da jarkar ruwa, ya bi Tahir da safe, ya sauka a kwanar. Ya fara zuwa wajen Bulama, mai garin ƙauyen da ke kusa, ya yi bayani, don kada a ga mutum tsugune a kan titi a zaci wani abu yake binnewa. Bulama ya ce Allah ya yi albarka, ya zo da kansa ya tsaya a inuwa yana kallo. Ba'ana ya wanke lakar, ya jira kwalta ta bushe, ya durƙusa ya riƙa ƙara wa layin faɗi ta ciki, yatsu uku, yana ja da gwiwa. Kafin fentin ya ƙare ya yi taku sittin, kwanar kuwa ta fi taku ɗari biyu. Gwiwoyinsa suka sale, bayansa ya ƙage, amma da yamma da suka biyo Tahir ya ce nan wurin kam ya gani sarai.

Kwana huɗu fentin ya yi. Aka yi ruwa biyu masu ƙarfi, tayoyi suka bi ta kai, ya ɓare kamar ɓawon albasa. Tahir ne ya kawo masa labari, ya ce kada ya ƙara wahalar da kansa, ya riga ya haddace kwanar, ko ido rufe zai bi ta.

Ranar wata Laraba, Ba'ana na alwalar magariba a tsakar gida, ruwan da aka wuni ana yi ya ɗan tsagaita, sai wayarsa ta yi ƙara. Wani ne da bai sani ba, ya ce ya ga lambarsa a wayar direban akori-kurar da ta faɗi a hanyar ƙauye, ana kawo su asibiti. Ba'ana ya tambaya ko da rai. Mutumin ya ce direban na numfashi, sauran bai sani ba. Siddiƙa ta ga yadda butar ta suɓuce daga hannunsa, ba ta tambaya ba, ta ɗauko mayafi ta ce ita za ta je wajen Zaratu, shi ya wuce.

Abin da waɗanda suka tsira suka faɗa duk ɗaya ne. Ana ruwa, wata motar itace ta taho da fitilu, Tahir ya matsa dama don ya ba ta hanya, ya matsa fiye da kima. Tayoyin dama biyu suka faɗa firgi, lakar ta ja motar, ta kifa ta gefen fasinja a cikin ramin da ruwa ya haƙa a bakin kwalbati. Matan da ke baya su biyar ta watsar da su cikin gona, biyu suka karye, sauran suka ƙuje. Turai tana gaba, a gefen da motar ta kwanta. Kafin a ɗaga motar ta cika. Tahir ya karye a ƙugu, ƙashin bayansa kuma ya taɓu.

Da gari ya waye Ba'ana bai je asibiti ba, kwanar ya nufa. Ya tarar da jami'ai biyu suna awo da tef suna rubutu, mutanen ƙauye sun kewaye su. Kifi ya warwatsu cikin laka, ga takalmin roba ɗaya, ga kwanon sha. Ya bi sawun tayar da baya har inda ta bar kwalta. A wurin ba a ganin layi sam, sai da ya sa gefen takalminsa ya kankare lakar sannan farin ya fito, lafiyayye, a miƙe, yadda ya shimfiɗa shi. Ya matsa kusa da babban jami'in ya ce shi ne ya ja layin nan, kuma yana ganin ƙanƙantarsa na cikin abin da ya jawo haɗarin. Jami'in ya dube shi, ya ɗora tef a kan layin, ya ce goma ne cif, ba matsala a nan. Ya ce an riga an gaya musu direban tsoho ne mai ciwon ido, ga ruwa, ga sauri. Abin da ya rubuta ke nan.

A gidan su Turai, can wajen Baga Road, aka yi zaman makoki kwana uku. Ba'ana ya je duka ukun. A rana ta biyu ya samu ƙanin mijinta, wanda ke karɓar gaisuwa, ya fara yi masa bayanin baki babba da baki ƙarami. Dattijon ya saurara cikin ladabi, a fili yake bai gane inda maganar ta dosa ba. Da Ba'ana ya ce yana jin da hannunsa a ciki, sai mutumin ya dafa gwiwarsa ya ce ya daina faɗar haka, kwananta ne ya ƙare, ko a kan gadonta take ranar za ta tafi. Na kusa da su suka ce haka ne. Aka miƙo masa dabino, aka shafa fatiha, wasu baƙin suka shigo aka matsa musu.

Margaret ta ji labari, ta zo asibiti ranar Asabar da lemo a leda. Ta gaida Zaratu, ta tsaya kan Tahir yana barci, sannan suka fito baranda da Ba'ana. Ta ce ta sake rubutawa, wannan karon ta haɗa da labarin haɗarin. Bai tambaye ta me aka ce ba, ita ma ba ta faɗa ba. Abin da ya tambaye ta daban ne.

"Injiniya, ki gaya mini tsakani da Allah. Da babban baki na sa, da matar nan na raye?"

Ta dubi filin asibitin, ta ce:

"Baba, in aka ɗauki hanyoyi ɗari aka faɗaɗa layinsu, za a samu raguwar masu faɗawa gefe. Wannan na yarda da shi. Amma mota ɗaya, a yamma ɗaya, ba wanda zai iya ce maka e ko a'a. Ni ma tun shekaranjiya nake tambayar kaina."

Ya so ta ce e, ko ya ɗauki abin ya san nauyinsa. In ta ce a'a ma, ya samu ya ajiye. Ta tafi ta bar shi a barandar.

Tahir ya yi wata biyu a kwance. Ƙugun ya haɗu, amma ƙafafun ba su dawo ba, yana jin taɓi, ba ya iya tsayuwa a kansu. Bai taɓa ɗaga maganar layi ba. Rana ɗaya ce, Ba'ana na yanke masa farce, sai Ba'ana ya roƙe shi ya yafe masa. Tahir ya ce me ya yi masa?

"Ya Tahir, ni na ja shi."

"Kai ka ja, ni na tuƙa da ido ɗaya. Na duba ƙasa ban ga komai ba, Ba'ana. Ko faɗin tabarma ne, ban sani ba ko zan gani. Abin da na sani, tana cikin ba ni labarin sunan jikarta ne, ba ta ƙarasa ba."

Ya juya fuska bango. Ba'ana ya ci gaba da yanke farcen, har ya ɗan yanke shi a babban yatsa. Tahir bai motsa ba.

Zaratu ba ta taɓa ce wa ƙaninta komai ba, amma ta rage kallon idonsa. In ya shigo takan gaishe shi, ta kawo ruwa, ta sami abin yi a madafa. Bai san ko shi take zargi ba, ko kanta da ta rufa wa mijinta asirin idon, ko kuwa gajiya ce kawai. Bai tambaya ba. Kafin ruwa ya ɗauke wasu motoci biyu suka sauka a kwanar, ɗaya ba wanda ya ji ciwo, ɗaya wani malamin makaranta ya rasa hannu. Mutanen ƙauyen suka cika buhuna da yashi suka jera a gefen, shanu suka tattake su. Daga ofis ba a ji komai ba. Margaret ma aka mayar da ita wani aiki a wajen Biu, ta kira shi sau ɗaya ta yi masa sallama.

Da aka sallamo Tahir, ɗaga shi ya fi ƙarfin Zaratu, 'ya'yansu maza kuma duk suna nesa. Sai Ba'ana ya mayar da shi aikinsa. Kafin ya fita nema yakan biya ya ɗauke shi ya kai shi bayan gida, ya yi masa wanka, ya zaunar da shi a zaure inda zai riƙa ganin masu wucewa. In ba shi da aiki, nan yake wuni.

Wata ranar Asabar da hantsi suna zaune, wata mata ta yi sallama. Ba ta wuce shekara talatin da biyar ba, da goyo a bayanta da ƙullin leda a hannu. Ta durƙusa ta gaishe su, ta ce ita ce Munira, 'yar marigayiya Turai ta biyu. Ta ce tun tuni take son zuwa duba Baba Tahir, hidima ce ta hana. Ta ajiye ledar, busassun tarwaɗa ne manya guda huɗu. Ta ce wa Tahir mahaifiyarsu kullum tana faɗar kirkinsa, shekara goma sha ɗaya bai taɓa barinta a hanya ba, kuma su ba su riƙe shi da komai ba.

Sannan ta ce ta karɓi sana'ar tsohuwar, domin masu sayen kifinta a ƙauyukan suna ta aike, gida kuma ba wani abin da ke shigowa. Yau sati uku ke nan tana zuwa. Wani Saleh ne ke kai su yanzu, da wata farar mota.

Tahir ya gyara zama da hannuwansa. Ya ce ya san Saleh, yana da hannu amma yana da gaggawa. Ya ce ta gaya masa in ya wuce kwalbati na farko ya sauke giya, kada ya jira sai ya ga kwanar. In mota ta taho, gara ya tsaya cak a kan kwalta ta wuce da ya matsa mata. Ita kuma kada ta zauna gaba, ta hau baya ta zauna ta hannun hagu. Munira na ta cewa to, Baba, in sha Allahu, da irin muryar da ake amsa wa manya. Ba'ana na kallonta, ya san ba za ta iya gaya wa direba yadda zai yi tuƙi ba, kuma inda aka samu wuri nan za ta zauna.

Ya rako ta har bakin titi ya tsayar mata da keke mai ƙafa uku. Ta hau, ta gyara goyonta, ta ce a gaida Inna Zaratu da ba ta samu ganinta ba. Ya tsaya har keken ya sha kwana, sannan ya koma ciki. An fara kiran azahar a masallacin unguwa. Ya ɗebo ruwa a buta, ya jawo roba, ya durƙusa gaban Tahir ya naɗe masa hannun riga.